TITI NA KOWA NE, HAR DA MAI KEKEN HAYA

A shekarar 1986, a birnin Bandung na ƙasar Indunusiya, jami'an hukumar birni suka ƙwace wa wani dattijo kekensa mai taya uku wanda yake ɗaukar fasinja da shi, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Ba a jima ba aka wayi gari aka tarar da bawan Allahn nan ya rataye kansa. Ba muna yabon abin da ya aikata ba ne, domin kashe kai haramun ne komai tsananin ƙuncin da mutum ya shiga. Amma wajibi ne a tambaya, wace irin doka ce wannan da za ta kai magidanci bango har ya ga mutuwa ta fiye masa rayuwa? Kuma wane irin gyaran gari ne wannan da ba ya yiwuwa sai an raba talaka da tukunyarsa?

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan keke ba sai a finafinan Indiya, to ya ƙaddara Adaidaita Sahu ce aka cire mata inji aka sa mata feda da sarƙa, ƙarfin ƙafar matuƙi shi ne man feturinta. A Indiya da Bangaladash suna ce masa riksha, matuƙi a gaba, fasinja biyu a baya. A Indunusiya sunansa becak, su kuma fasinja ne a gaba, matuƙi a baya. Miliyoyin bayin Allah ne ke cin abinci da wannan sana'a a nahiyar Asiya, kuma tun wajen ƙarshen shekarun 1990 ta ƙetara har tsakiyar biranen Turawa irin su Landan da New York, inda ake yawo da 'yan buɗe ido. Shekara da shekaru ke nan ana kai ruwa rana tsakanin masu wannan keke da mahukunta a kan tambaya guda, shin suna da gurbi a tsakiyar birni mai cunkoso ko ba su da shi?

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da keken da ba a hawansa a garuruwanmu? Amsar ita ce, rigimar da ake yi a kansa ita ce dai rigimar da ake yi a kan ɗan acaɓa da ɗan sahu a nan gida, sai dai su can sun riga mu daɗewa a cikinta, sun gwada hanyoyi iri-iri, an kuma ga ƙarshen kowacce. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Bari mu fara da yi wa mahukunta adalci, mu kawo hujjarsu kamar yadda suke faɗinta. Suna cewa keken nan ba ya sauri, idan ya shiga gaban motoci a babban titi sai kowa ya koma tafiyar hawainiya. Suna cewa matuƙansa na cincirindo a mahaɗar tituna da bakin kasuwa suna jiran fasinja, sai su toshe hanya. Suna cewa da yawansu ba su san dokar hanya ba, suna bin hannun da ba nasu ba, ba fitila da dare, ba burkin kirki. Duk wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma duk mai son masu keken da gaske ba zai musa ba. Keken da ke tafiya a hankali a tsakiyar manyan motoci masu gudu haɗari ne ga fasinja da matuƙin kansa. Inda muka raba gari da mahukunta shi ne wajen magani, domin gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Birnin Jakarta shi ya fi kowa nisa a hanyar sauke mu raba. A farkon shekarun 1970 akwai irin wannan keke sama da 100,000 a birnin. Gwamna Ali Sadikin ya fara da hana ƙera sababbi da shigo da su, sannan aka riƙa ware titunan da ba a yarda su bi ba. A 1988 aka kafa dokar da ta haramta su a birnin baki ɗaya. Jami'ai suka shiga farauta unguwa-unguwa, aka ƙwace dubbai aka loda a jiragen ruwa aka zubar a cikin teku, wai don su zama maɓoyar kifi. Jama'a, a duba wannan lamari. An sama wa kifi gida da jarin talaka, shi kuma an ce ya koma ƙauye ya san inda dare ya yi masa. A 1998, da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, Gwamna Sutiyoso ya ce an yarda su dawo su nemi na tuwo. Mutane suka kwaso kekunansu daga ƙauyuka suka nufo birni, amma cikin 'yan kwanaki ya lashe amansa, aka koma gidan jiya.

To shin cunkoso ya ƙare a Jakarta bayan an kori masu keke? Ko kusa. Birnin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowane fama da gosulo a duniya. A 1992 sai da hukuma ta kafa dokar cewa motar gida ba za ta bi wasu manyan tituna a lokacin zuwa aiki ba sai da mutum uku a ciki. Nan take wata sabuwar sana'a ta ɓullo, talakawa na tsayawa a bakin titi masu mota na ɗaukarsu haya don a cike adadi. A 2016 aka soke wannan doka aka koma ta lambar mota, yau masu lamba mara, gobe masu lamba cika. A 2019 gwamnati ta sanar da shirin ɗauke babban birnin ƙasar daga Jakarta, kuma cunkoso na cikin dalilan da aka bayar. Gurbin da keken feda ya bari a unguwanni kuwa, 'yan acaɓa ne da babur mai taya uku suka cike shi, da hayaƙinsu da ƙararsu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ashe tun farko an bar jaki ne ana dukan taiki.

A Delhi, babban birnin Indiya, wata dabara aka yi wadda a ido kamar tsari ce, amma a aikace ta fi haramcin muni. Dokar hukumar birni ta 1960 ta ƙayyade yawan lasin da za a bayar, wanda aka yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a 99,000 a 1997, alhali kekunan da ke kan titi an ƙiyasta sun kai wajen 600,000. Daɗin daɗawa, dokar ta ce dole mai keken ya zama shi ne matuƙinsa, in ban da zawarawan da mazansu suka rasu da naƙasassu. Alhali mafi yawan matuƙan 'yan ci-rani ne daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh, waɗanda ke zuwa birni bayan aikin gona, su karɓi hayar keke kullum su biya balas, in damina ta kama su koma gida. Wanda ya zo neman kuɗin wata uku, ina shi ina sayen keke, kuma a ina zai ajiye shi in ya tashi tafiya?

Sakamakon haka, a wancan lokaci kusan duk wanda ke taka feda a Delhi mai laifi ne a idon doka. Kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan doka ta mai da dubban mutane masu laifi a sana'ar da jama'a ke buƙata kullum. Sana'ar ba ta mutuwa, sai dai ta zama saniyar tatsa. Wanda ya ba da na goro ya wuce, wanda ya rasa a ƙwace kekensa, in bai fanso shi ba a sa inji a murƙushe a sayar a matsayin ƙarfen jari-bola. Ƙungiyar Manushi, ƙarƙashin jagorancin Madhu Kishwar, ita ta ɗauki maganar ta kai gaban shari'a. A watan Fabrairun 2010 Babbar Kotun Delhi ta soke ƙayyade yawan lasin, ta soke sharaɗin sai mai keke zai tuƙa, ta kuma haramta murƙushe kekuna. Kotun ta lura da abin da kowane mai ido ke gani, cewa babu wata doka da ta ƙayyade yawan motocin da za a saya a birnin, kuma ba a taɓa murƙushe motar wani don ya karya dokar hanya ba. A 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar da wannan hukunci.

A Dhaka, babban birnin Bangaladash, wanda ake yi wa kirari da hedikwatar riksha ta duniya, hukumar birni ta tsayar da ba da sabon lasin tun 1986, lokacin da masu lasin ba su wuce kimanin 80,000 ba, kuma aka shafe sama da shekara 30 a haka. Kekunan kuwa suka ci gaba da ƙaruwa ninkin-ba-ninkin, ƙungiyoyi daban-daban suka riƙa buga lambobinsu suna sayar wa masu keke, kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali yana zurarewa aljihun wasu. A 2002, a ƙarƙashin wani shirin sufuri da Bankin Duniya ya ba da bashin yinsa, aka fara hana su bin babban titin Mirpur. Da aka bincika daga baya, sai aka tarar abin da matuƙan ke samu ya ragu sosai, kuma waɗanda suka fi shan wuya a cikin fasinjoji su ne mata da yara 'yan makaranta da tsofaffi, waɗanda ba za su iya kokawar shiga bas ba. A 2005 shi kansa Bankin ya ja da baya daga goyon bayan faɗaɗa haramcin. Duk da haka a watan Yulin 2019 aka sake hana su wasu manyan tituna uku, matuƙan suka fito suka datse hanyoyi. Wani abin mamaki kuma, a watan Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sanya keken riksha na Dhaka da zanen da ake ƙawata shi da shi cikin kayan gadon al'adun duniya. Abin da ake alfahari da shi a gaban baƙi, shi ake fatattaka a gida.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a sakar wa kowa mara ya yi yadda ya ga dama. Landan ta gwada wannan, ba da niyya ba. Wata tsohuwar doka ce ta 1869, wadda aka yi tun zamanin keken doki, kotu ta fassara a 2003 ta yadda masu keken feda suka kuɓuce wa dokar tasi. Aka shafe shekara 20 kowa na iya sayen keke ya fara ɗaukar fasinja a tsakiyar birnin, ba lasin, ba binciken ko wane ne shi, ba mai duba lafiyar keken, ba ƙayyadadden farashi. Aka riƙa samun rahotannin baƙin da aka caza ɗaruruwan fam a tafiyar 'yan mintoci, ga kiɗa mai kashe kunne har tsakar dare, ga tare hanyar bas da ta masu tafiya a ƙasa. Matuƙa masu gaskiya su ma suka shiga cikin masu kiran a kawo doka, saboda ɓata-gari sun shafa musu kashin kaji. A ranar 25 ga Afrilun 2024 aka sa hannu a dokar da ta ba hukumar sufurin birnin ikon ba su lasin, da ƙayyade farashi, da duba lafiyar keke, da tsara inda za su tsaya. A lura, ba a ce a kwashe su a zuba a kogin Thames ba. Rajista aka ce a yi musu, a san su, a sa musu ƙa'ida.

Idan aka haɗa waɗannan labarai huɗu, darasin a fili yake. Haramci bai kawar da cunkoso ba a Jakarta. Ƙayyade lasin ƙasa da buƙatar jama'a bai rage keke ko ɗaya ba a Delhi da Dhaka, cin hanci kawai ya haifar. Sakaci kuma ya ba macuta dama a Landan. Sannan akwai tambayar da mahukunta ba sa son a yi, wato wa ya fi cin titi? Motar gida guda ɗaya, ɗauke da mutum ɗaya, ta fi keke cin fili, kuma idan mai ita ya iso kasuwa ko ofis sai ya ajiye ta a gefen titi tun safe har yamma. Shi kuwa keke a wannan wunin ya kai mutane da dama inda za su, bai sha mai ba, bai yi hayaƙi ba, yana kuma shiga lungun da bas ba ta isa ta shiga ba. Amma da yake masu tsara doka a bayan mota suke zaune, duk abin da ya rage musu gudu shi ne matsala, su kuwa ba sa ganin kansu a cikin lissafi.

Cewa ana iya yin tsari na adalci ba tatsuniya ba ce. A tsohon birnin Delhi akwai titin kasuwar Chandni Chowk, mai tsawon kimanin kilomita 1.3, daga tsohuwar fadar sarakuna ta Lal Kila zuwa Masallacin Fatehpuri. A 2006 masu keke aka hana bin wannan titi. Amma da aka sake fasalinsa aka buɗe a 2021, sai aka juya lamarin, aka hana motoci da babura shiga daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, aka bar shi ga masu tafiya a ƙasa da keken feda. Ana samun masu karya dokar, amma dai an nuna cewa a cikin kasuwa mai maƙil da mutane, mota ce baƙuwa.

Wasu kuma kan kawo wata hujja ta daban, su ce ai wulaƙanci ne ɗan Adam ya riƙa jan ɗan'uwansa da ƙarfin ƙafarsa, don haka tausayi ne a hana. Lallai aikin akwai wahala, yana cin gwiwa da ƙirji, kuma babu uban da ke yi wa ɗansa fatan ya tsufa a kansa. To amma wane irin tausayi ne zai ƙwace wa mutum sana'a mai wuya ya bar shi da yunwa? Wanda ya ji tausayinsa da gaske sai ya sama masa wadda ta fi ta kafin ya raba shi da ta hannunsa. Su kansu matuƙan sun nemo wa kansu sauƙi, suna ɗaura wa kekunan batir da ƙaramin inji. Sai dai wannan ma ya zo da nasa haɗarin, domin ƙarfe da burkin da aka yi don tafiyar feda ba za su iya da gudun inji ba. A watan Nuwamban 2024 Babbar Kotun Bangaladash ta ba da kwana uku a tsayar da masu batir a Dhaka, matuƙan suka tare tituna da layin dogo, kotun sama ta dakatar da umarnin. Da tun farko an fitar da ma'aunin ƙira da iyakar gudu, da ba a kai ga haka ba.

Yanzu mu dawo gida. Idan mai karatu bai manta ba, a 2006 aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja. A watan Janairun 2013 aka hana goyo a babur a Kano, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, abin da ya sa jama'a suka koma ga Adaidaita Sahu kacokan. A watan Fabrairun 2020 Legas ta hana acaɓa da Keke Napep a manyan sassan birnin, kuma an sha nuna wa duniya yadda ake murƙushe baburan da aka kama a Legas da Abuja, tamkar yadda aka yi a Delhi kafin kotu ta tsawatar. A Kano 'yan sahu sun yi yajin aiki a 2021 da 2022 a kan haraji da kuɗin rajista, kuma kowa ya ga yadda ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya suka yi ta sayyada a ƙasa. A watan Nuwamban 2022 aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar, saboda babu isassun motocin da za su kwashi jama'a. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya gagari mutane da yawa. Garin da yake cikin wannan hali bai kamata ya raina duk wani abin hawa mai arha ba, ko na feda ne ko na batir.

Saboda haka muna kira ga duk hukumar da ke da alhakin tsara zirga-zirga a tsakiyar birni, a can ko a nan, da ta kula da waɗannan abubuwa. Na farko, a yi wa kowane matuƙi da kekensa rajista a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a wuri guda, da rasit, kada a ƙayyade adadin da zai mai da mafi yawansu masu laifi. Na biyu, a rarrabe tituna. Babbar hanyar da motoci ke gudu a keɓe masa layinsa a gefe ko a sama masa wata hanyar da mashigar tsallakawa, cikin kasuwa da lunguna kuwa a fifita shi a kan mota. Na uku, a ware musu tashoshi a kusa da inda fasinja yake, domin wanda ba a ba shi wurin tsayawa ba zai tsaya inda ya samu. Na huɗu, a wajabta burki mai kyau da fitila da rubutaccen farashi da fasinja zai gani kafin ya hau. Na biyar, hukunci ya zama tara daidai laifi, iri ɗaya ga mai keke da mai mota, a daina lalata dukiyar mutane. Na shida, kada a hana wani abin hawa bin wata hanya sai an tanadi abin da zai maye gurbinsa, kuma an zauna da shugabannin matuƙa da wakilan fasinjoji, musamman mata, an ji ta bakinsu.

Su ma matuƙa muna yi musu nasiha. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya yi lodin da ya wuce kima, ko ya cuci baƙo don ya ga bai san gari ba, to shi ne ke miƙa wa masu neman korarsu sandar da za a doke su da ita. Ƙungiyoyinsu su tashi tsaye wajen ladabtar da nasu, kada aikinsu ya tsaya ga karɓar kuɗin tikiti kawai.

Titi da kuɗin jama'a aka shimfiɗa shi, da harajin mai mota da na mai keke da na mai tafiya a ƙasa. Shugaban da ya tsara shi don jin daɗin 'yan tsiraru, ya kori masu neman halaliyarsu don kada baƙi su ga talauci, bai kawar da talaucin ba, ɓoye shi kawai ya yi, kuma za a tambaye shi. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba talakawa mafita.